Kaset Ɗin da Gali Bai Ji Ba

In aka tambaye ni wa ya fi kowa kunne a cikin mutanen da na yi aiki da su a Challawa, ba na tsayawa dogon tunani, Gali ne. Waɗanda suka san shi sukan yi dariya in na faɗi haka, don sun san sai ka kira shi sau biyu da ƙarfi kafin ya waiwayo. To, su yi ta dariyarsu. Ni Nuru shekara goma sha huɗu na yi ina saƙa a kan injinan da yake gyarawa, na kuwa san abin da nake faɗa.

Ɗan wani ƙauye ne a bayan Kura. Ya shigo birni a shekarar 1971, ya sami aikin sharar auduga a wata masaƙa a Bompai. A wajen sharar nan ya koyi gyaran inji, ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Tsintsiya na hannu, ido na kan makanikai, har ranar da ya nuna wa wani babba inda ƙusa ta kwance, aka karɓe tsintsiyar aka ba shi sifana. Da aka buɗe tamu masaƙar a Challawa ya dawo nan, ya kama gida a Panshekara, layi ɗaya da ni. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne. Ba ya kiɗa, ba ya waƙa. Na taɓa jin sa yana rera wani abu a ƙarƙashin inji, na roƙe shi don Allah ya bari.

Amma fa wajen sauraro ba a haɗa shi da kowa.

A bakin ƙofar kamfani akwai rumfar Labaran mai kaset. A shekarun nan rakoda ta fara yawa a hannun mutane, duk wanda ya dawo daga Makka sai ka gan shi da tasa. Nan da nan kowane lebura mai garaya ko kukuma ya ga shi ma ai zai iya yin kaset. Sai a ari rakoda, a shige ɗaki a rufe ƙofa, a ɗauka, a kawo wa Labaran ya kwafa ya sayar. Shi kuwa Labaran ɗan kasuwa ne, kunnensa bai wuce na kowa ba, kuma ba zai iya kwafar na kowa ba. Wata rana ya sa wani sabon kaset Gali na shan shayi a gefe, sai Gali ya ce, "Wannan mutumin yunwa yake ji, ku ba shi abinci ya sake ɗauka." Rumfa ta kwashe da dariya. Labaran ya ce, "Malam Gali, rubuta min wannan in manna." Gali ya zaro irin tikitin da ake ɗaura wa bandir ɗin yadi, ya juya bayansa ya rubuta. Daga ranar, wajen 1978, ya sami aiki na biyu wanda ba wanda ya ɗauke shi.

Yana da ƙa'idojinsa. Ba ya rubutu a kan manyan mawaƙan da ake sawa a rediyo, ya ce waɗannan suna da masu yabonsu. Nasa su ne na ɗaki da na tsakar gida, waɗanda in bai saurare su ba babu mai sauraro. Kowane kaset sai ya ji shi sau uku, gefe da gefe, kafin fensir ya taɓa takarda. Kuma ko goro ba ya karɓa daga hannun mai waƙa. Har yanzu ina iya kawo wasu daga cikin rubuce-rubucensa da ka:

"Idi mai kukuma, na kamfanin fata. Hannu mai kyau, amma ya yabi mutum goma sha ɗaya a waƙa guda, har da mai gidan da yake haya. A saya don kukumar, a yi haƙuri da sunayen."

"Matan Hajiya Rakiya, kiɗan ƙwarya. A tsakar gida aka ɗauka. Akuya ta yi kuka sau biyu, duka biyun kuma ta faɗa daidai kan kiɗa. Wannan kaset ya fi ƙarfin masu sutudiyo."

"Samari huɗu na Sharada, jita biyu da ganga. Sun saurari mutanen Legas da yawa. Ranar da suka saurari kansu zan sake rubutu."

Da yake ba kowa ke karatun boko ba, in an manna sabon tikiti sai wani ya karanta da ƙarfi lokacin canjin aiki, masu fita da masu shiga duk suna tsaye. Abin da Gali ya ce a saya, Labaran ya kwafa. Abin da ya ce a sake, sai a sake. An yi fushi da shi, an daina gaishe shi, har wani mai garaya ya taɓa yi masa zambo, Gali ya saurara sau uku ya rubuta cewa ita ce waƙarsa mafi kyau. Amma ba a taɓa cewa ya yi son kai ba, ba a kuma taɓa kama shi da kuskure ba. Ba shi da gona a birni, ba shi da mota. Sunan nan shi ne abin da ya mallaka, kuma ya san da haka.

Yanzu sai na ɗan yi bayanin ɗakin saƙa, don wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane abin da ya faru ba. Inji fiye da ɗari ne a ɗaki guda, kowanne ƙoshiyarsa mai ɗauke da zare na kai da komo. Baƙo in ya shigo sai ya toshe kunne ya nemi ƙofa. Mu da hannu muke magana a ciki, da kallon leɓe. Amma in ka yi wata shida sai ƙarar ta ɓace maka. Ba raguwa take yi ba, kunnenka ne yake ajiye ta gefe. Na makaniki kuwa ya fi na kowa. Gali yana iya tsayawa a wannan bangon ya ji bel ɗin wani inji ya saki a wancan bangon, amma inji mai lafiya ba ya jin sa sam. A wurinsa lafiyayyen inji shiru ne.

A 1984 abubuwa suka fara taɓarɓarewa. Auduga ta yi wuya, sinadarin rini ya yi wuya, aka fara kashe layukan inji ɗaya bayan ɗaya, ana rage ma'aikata. A lokacin ne Abdulwahid ya kawo nasa kaset ɗin. Mutumin Nijar ne daga wajen Magarya, a sashen rini yake, can bayan ɗakin saƙa. Dogo ne marar magana, hannuwansa kullum shuɗi har wuyan hannu. Mun san yana kaɗa gurmi a ɗakinsa a Na'ibawa, amma ba wanda ya taɓa ji. Ya san sunansa na cikin waɗanda za a sallama, yana so ya koma gida da abin da zai ce ya yi a Kano. Ya miƙa wa Gali kaset ɗin da hannu biyu, ya ce shi ke nan guda ɗaya, babu wani.

Gali ya saurara sau uku a zaurensa. A na ukun ina wurin. Murya ce mai daɗi, siririya, gurmin kuma yana tafiya a hankali. Sai dai kowane ɗan lokaci sai mutumin ya yi tsit, ya daɗe, sannan ya dawo. Gali ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ranar Alhamis aka manna tikiti:

"Abdulwahid na sashen rini, gurmi da murya. Muryar tana da kyau, amma babu kiɗa a ƙarƙashinta, sai ya riƙa tsayawa yana jiran abin da ba ya zuwa. Ya nemi mai kalangu ya sake ɗauka."

Abdulwahid yana tsaye aka karanta. Ya karɓi kaset ɗinsa, ya rusuna ya ce, "Na gode, Malam," ya wuce. Wannan shirun nasa ya daɗe yana ba ni haushi, na sha cewa da ya buɗe baki da duk ba a kai ga haka ba. Amma daga baya na gane. Shi ya kawo kansa wurin babba ya nemi hukunci, a tarbiyyarsa ba a yin haka sannan a tsaya gardama. Ranar Asabar muka ji a rumfa cewa ya shirya da Ɗan'auta mai kalangu, za su sake ɗauka ranar Lahadi da hantsi.

Lahadin da safe na leƙa gidan Gali, muna zaune a zaure muna shan koko. Sai matarsa Rahamatu ta yi magana daga bayan labule. Da ƙarfi take masa magana, shekaru sun koya mata.

"Malam, wai ina kaset ɗin nan na ranar Talata? Mai kiɗan nan?"

"Wane mai kiɗa?"

"Na mutumin nan mai gurmi mana. Tun ranar kiɗan yake min yawo a ka, ko tankaɗe nake sai in ji hannuna na bin sa."

Gali ya yi dariya ya ce, "Ke dai kin haɗa da wani. Wannan ai ba kiɗa a ciki, shi ne ma aibinsa."

"Ikon Allah! Ba kiɗa? To wannan fa mene ne?"

Sai muka ji ta jawo tire ta fara bugawa da yatsu. Bugu ne mai sauri, a jere, da wani guda da yake ɗan biyo baya kamar mai ɗingishi. Ban kawo komai a raina ba, har na kai kofi baki. Da na dubi Gali sai na ga ya ajiye nasa, fuskarsa ta sauya.

"Sake," in ji shi.

Ta sake.

"Nuru," ya ce, "layi na huɗu ne. Ga inji na shida nan yana biyo baya, haka yake tun ranar da aka kafa shi."

Layi na huɗu inji takwas ne, tsofaffi, su ne a jikin bangon da ya raba mu da sashen rini. Gali ne yake kula da su shekara shida, kuma mako biyu kafin ranar aka kashe su aka lulluɓe da tamfol. Ashe mutumin nan ƙarar injinanmu ya ɗauka ya mai da ita gangarsa. Mu kuwa da muke kwana muna tashi da ita a ka, mun zauna mun saurara ba mu ji komai ba. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar kamfani ba ita ta ji.

Gali ya miƙe ko hula bai ɗauka ba. "Tayar da babur ɗinka. A kan kaset ɗin zai sake ɗauka, ba shi da wani."

Ban taɓa gudu da babur irin na ranar ba, kuma duk hanya yana dukan kafaɗata wai ba na sauri. Tun daga bakin lungu a Na'ibawa muka jiyo kalangu. Kafin mu kai ƙofa ya tsaya. Muka yi sallama muka faɗa ɗakin, muka tarar da Ɗan'auta yana share gumi, Abdulwahid kuma ya ciro kaset yana juya shi zai mayar. Sun gama gefen farko ke nan.

"Kar ka danna!" in ji Gali. Muryar ɗakin saƙa ya yi amfani da ita, har Ɗan'auta ya zabura.

Abdulwahid ya tashi tsaye. "Malam, lafiya? Abin da kuka ce ne muke yi."

"Na sani. Sa min ɗaya gefen. In ya fara, ka riƙa buga min abin da ke ƙasa a gwiwarka, in ga hannunka."

Ya sa. Ya fara bugawa a gwiwa da shuɗin hannun nan nasa, mu kuma muka zuba wa hannun ido. Minti ɗaya, biyu, sai abin ya buɗe min kamar an cire min auduga daga kunne. Ga su nan su takwas, suna tafiya tare, gurmin yana shiga tsakaninsu yana fita. Wuraren da muka ce yana tsayawa ba dalili, ashe zare ne ya tsinke, inji ɗaya ya tsaya, shi ma sai ya tsaya ya jira masaƙi ya ƙulla. Inji na tashi sai murya ta dawo tare da shi. Na tsinci kaina ina ƙirga lokacin ƙullin, na ce a raina wannan ai hannuna ne, ni nake kan layin a watan.

Ya ba mu labarin yadda ya yi. Lokacin hutun rabin awa yake zuwa ya jingina rakodar aro da tagar bangon, ya yi haka kusan wata guda har ya sami ɗaukar da ta yi masa. A ɗaki sai ya kunna wannan a rakoda ɗaya, ya yi waƙa a kai, ta biyu tana ɗauka. Gali ya tambaye shi ina kaset ɗin injinan zalla. Ya ce ya mayar wa mai rakodar da abinsa, shi kuma tuni ya ɗauki wa'azi a kai.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na ɗauka kun ji, Malam. Na ce ko kun ga abin bai kai a kira shi kiɗa ba, shi ya sa ba ku ambace shi ba."

Gali ya ce, "Gefen da aka goge fa, yaya yake?"

Abdulwahid ya sunkuyar da kai. "Ya fi wannan."

"Ni kaɗai na saurare shi sau uku," in ji Gali, "ban kuwa ji shi ba."

Ranar Litinin tun kafin canjin aikin rana muka je rumfa. Labaran ya ji labari, ya jawo Gali gefe yana magana ƙasa-ƙasa, wanda a wurin Gali ɓata lokaci ne, sai da ya maimaita da ƙarfi. Shawararsa ita ce a cire tsohon tikiti a sa sabo, a kwafi gefen mai kyau kawai, a bar ɗayan ba komai. Ya ce mutane mantuwa gare su, nan da mako guda ba mai tunawa.

"A'a," in ji Gali. "Gefe biyun za ka kwafa yadda suke. Wanda ya saya ya ji abin da yaron ya yi, ya juya ya ji abin da na sa shi ya yi."

"Malam Gali, kowane kaset zai fita da kuskurenka a jikinsa fa. Wa zai sake yarda da takardarka?"

Gali ya miƙa masa sabuwar takarda ya ce, "Manna min nan, ƙarƙashin waccan."

Jama'a suka taru kamar kullum. Wanda ya saba karantawa ya duba takardar, ya dubi Gali, ya ja da baya. Sai Gali ya hau kan bencin mai shayi ya karanta da kansa:

"Abdulwahid na sashen rini, karo na biyu. Abin da na rubuta a sama ba daidai ba ne. Akwai kiɗa a kaset ɗin, injinan layi na huɗu ne, matata ce ta ji, ni ban ji ba. Ban taɓa sauraron abu irinsa ba. Rabinsa ya ɓata, kuma ni na ɓata shi. A sayi rabin da ya rage."

Wani daga baya ya ce, "Ashe kurma ne yake mana alƙalanci shekara shida!" Aka yi dariya, ba kaɗan ba. Na ji kamar in kutsa in shaƙo shi, don na san shi, ko zare bai iya ƙullawa da kyau ba. Gali bai ji ba, sai da ya tambaye ni me aka ce. Na faɗa masa a kunne. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yana da gaskiya. Labaran, sa musu."

Ba zan ɓoye ba, maganar Labaran ta tabbata. Wasu masu waƙa sun daina kawo masa kaset, wasu in ya kushe nasu sai su ce a kai wa Rahamatu ta ji. Shi kuwa ya ɗauki hakan da gaske, daga ranar ba ya rubuta komai sai an kunna a tsakar gida ita ma ta saurara. Ya ci gaba da manna tikitinsa har rumfar ta tashi. An sallami Abdulwahid a ƙarshen watan, ya koma Magarya da kwafi goma a jakarsa, ban sake jin labarinsa ba. Ni dai a duk zamana da Gali ban taɓa alfahari da shi kamar ranar da ya hau bencin nan ba, kuma da bakina nake faɗa wa 'ya'yana cewa abokina ne.

A ranar dai, da Labaran ya kunna, Lami mai ƙosai ce ta fara kaɗa kai, sai masu gadi, sai 'yan sashen rini. Masu saƙa kuwa suka tsaya sororo suna kallon juna, suna tambayar wai ina kiɗan. Gali ya sauko ya fara buga musu a kan benci da tafin hannu, yadda aka yi masa. Ɗaya bayan ɗaya na ga fuskoki suna buɗewa. Wani dattijo da ya yi shekara biyar a layin ya ɗaga yatsa ya ce, "Tsaya, tsaya, wannan nawa ne, na uku!" Jiniya ta yi kuka, ba wanda ya motsa zuwa ƙofa, har foman ya fito yana faɗa, shi ma ya tsaya.

Gali ya matso kusa da ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya kama hannuna ya sa baki a kunnena ya yi ihu kamar muna cikin ɗakin saƙa.

"Nuru, ka ji su? Ko ƙusa ɗaya ba ta kwance ba. Ni na gyara su."